Tsohuwar da ke ɓoye burodi tana kuka da taken Kanada

Tambaya: Assalamu alaikum Dakta. Ina aikin kula da tsofaffi a wani gida kusa da Toronto. Akwai wata tsohuwa 'yar asalin Latbiya, ta haura shekara 85, wadda aka gudo da ita daga yaƙi tana 'yar shekara bakwai. Kullum sai na tarar da gutsuren burodi naɗe cikin hankici a ƙarƙashin matashinta. In aka sa taken Kanada sai hawaye. Ranar zaɓe tun asuba take shiri, a keken guragu ake kai ta. Kwanakin baya na ba ta labarin cin mutuncin da wani ya yi mini a cikin bas saboda hijabina, sai ta kama hannuna ta ce in gode wa Allah ina ƙasar 'yanci. Maganar ta ɓata mini rai ƙwarai. Wannan godiya tata ta gaskiya ce, ko gigin tsufa ne, ko kuwa tsoro ne bai sake ta ba har yau? Kuma me ya kamata in ce mata?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya saka miki da alheri a kan wannan aiki, ya kuma huci zuciyarki a kan abin da aka yi miki.

Godiyar ta gaskiya ce. Tsoron ma yana nan bai je ko'ina ba. Burodin da ke ƙarƙashin matashi da hawayen taken ƙasa duk a shekaru guda aka dasa mata su, tsakanin tana bakwai zuwa tana sha biyu ko sha uku. Ɓacin ranki kuma yana da hujja, zan zo kansa. Amma sai kin fara sanin abin da yarinyar nan ta baro.

Latbiya ta samu 'yancin kai a 1918. A watan Agustan 1939 Jamus ta Hitila da Tarayyar Sobiyet ta Stalin suka ƙulla yarjejeniya, a asirce suka raba gabashin Turai tsakaninsu, Latbiya da Istoniya suka faɗa rabon Stalin, daga baya Lituweniya ta bi su. Sojojin Sobiyet suka shiga a watan Yunin 1940. A daren 14 ga Yunin 1941 aka bi gida-gida ana buga ƙofa, aka kwashe mutum sama da 15,000 daga Latbiya kaɗai, aka loda su a taragon dabbobi zuwa Saberiya. A tashar jirgi ake ware maza a kai su sansanonin aikin bauta, mata da yara a yi wani wajen da su. Bayan mako guda Jamus ta afka wa Sobiyet, ta mamaye ƙasar, aka karkashe Yahudawan Latbiya kimanin 70,000, da hannun wasu 'yan ƙasar a ciki. Da sojojin Sobiyet suka dawo a 1944, duk iyalin da ya ga daren Yunin 1941 ya san abin da ke tafe. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake. Kuma tsoronsu bai zama na banza ba, domin a watan Maris na 1949 an sake kwashe sama da 42,000 cikin 'yan kwanaki.

Ban san labarin tsohuwarki dalla-dalla ba, amma akwai sa'arta da labarinta yake a rubuce, kuma zai nuna miki hanyar da dubban yara suka bi. Vaira Vike-Freiberga an haife ta a Riga, babban birnin Latbiya, ranar 1 ga Disamba 1937. Iyayenta sun bar birnin a kaka ta 1944, 'yan kwanaki kafin sojojin Sobiyet su kama shi ranar 13 ga Oktoba. A daren shiga shekarar 1945 suka hau jirgin ruwan Jamus mai ɗauke da sojoji da makamai, a tekun da ake nutsar da jirage. Suka sauka Jamus a tsakiyar sanyin hunturu, ƙasar tana rushewa. Kafin watan Janairu ya ƙare, ƙanwarta jaririya, wadda ba ta cika shekara ba, ta mutu da ciwon huhu. Vaira tana da shekara bakwai. Ki tsaya a nan ki duba: yarinya ta ga iyayenta sun bar gida don su tsirar da 'ya'yansu, kuma tafiyar ta ci ɗaya daga cikin 'ya'yan. Yaro a wannan shekarun ba ya fahimtar siyasa. Abin da yake fahimta shi ne manyan da yake fakewa a bayansu su ma ba su da mafaka.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, 'yan Latbiya wajen 120,000 suka tsinci kansu a sansanoni a yammacin Jamus. Hukumomi suna kiran irinsu da haruffa biyu, DP, wato waɗanda yaƙi ya raba da muhallinsu. Barikin soja ne da gidajen ma'aikata, iyalai da yawa a ɗaki guda, bargo ne labulen da ya raba wannan gida da wancan. Abinci da kati ake karɓa. Amma akwai abin da mutanen nan suka yi wanda ni, da na yi shekaru ina aiki da yaran da rikici ya raba da gidajensu, nake jinjina masa: kafin su samu gado mai kyau sun buɗe makaranta. Malamai da suka gudo tare da su suka riƙa koyarwa da harshen gida, ana kwafar littafi da hannu. Vaira a makarantar sansanin Herrenwyk kusa da Lubek ta fara karatu. A 1946 malaman jami'a na ƙasashen yankin Baltik uku, wato Latbiya da Istoniya da Lituweniya, har jami'a suka kafa a Hamburg, aka mayar da ita Pinneberg, ta yi aiki zuwa 1949. Yaron da ake tashinsa da safe a ce ya wanke fuska ya tafi aji, an gaya masa ba da baki ba cewa gobe tana nan.

A 1949 iyalin suka tafi Maroko, lokacin tana hannun Faransa, inda mijin mahaifiyarta ya samu aiki a madatsar ruwa ta Daourat. Ta shiga makarantar Faransanci, daga baya ta 'yan mata a Kasablanka. A 1954 suka iso Toronto, garin da kike. Tana 'yar sha shida ta kama aikin banki da rana, karatu da dare. Ta yi digiri a Jami'ar Toronto, ta yi digiri na uku a Jami'ar McGill a 1965 a fannin halayyar ɗan Adam, ta koyar a Jami'ar Montreal shekara 33. Duk tsawon lokacin nan ba ta saki gida ba: ta duƙufa kan nazarin waƙoƙin gargajiyar Latbiya da ake kira daina, gajeru masu layi huɗu, waɗanda aka tattara sama da 200,000. Latbiya ta dawo da 'yancinta a 1991. Vaira ta koma a 1998, majalisar dokoki ta zaɓe ta shugabar ƙasa a 1999, ta ajiye takardar zama 'yar Kanada don ta karɓi muƙamin, ta yi shekara takwas a kai. A zamaninta, a 2004, ƙasar ta shiga ƙungiyar tsaro ta NATO da Tarayyar Turai. Wadda ta ga an buga ƙofar ƙasarta tana yarinya, da ta samu iko abin da ta fara nema shi ne sakata. Kuma ba ita kaɗai ba ce: Valdas Adamkus, wanda ya shugabanci Lituweniya sau biyu, shi ma ya gudu a 1944, ya isa Amurka a 1949.

To daga ina godiyar take fitowa? A nan ne mutane da yawa suke kuskure. Suna ɗauka wahalar ce take haifar da ita, wai wanda ya sha wuya shi ya san daɗi. Da haka ne, da duk wanda ya tashi a sansani mai godiya ne, kuma na ga da yawa da wahala ta bar musu ɗaci kawai.

Akwai wani likitan ƙwaƙwalwa, Hans Keilson, Bayahude ɗan Jamus da ya ɓuya a Holan lokacin yaƙi. Bayan yaƙin ya bi rayuwar marayun Yahudawa kimanin 200 na ƙasar, ya fitar da sakamakon a 1979. Ya kasa abin da ya same su kashi uku: farkon mamaya da fargaba, sannan lokacin ɓuya ko zaman sansanin mutuwa, sannan shekarun bayan yaƙi, lokacin da ake yanke wa zai riƙe yaron da yadda za a riƙe shi. Abin da ya gano ya sauya yadda muke aiki har yau. Yaron da ya sha azaba mai tsanani a yaƙi amma ya faɗa hannu nagari bayansa, bayan shekara 25 ya fi samun lafiyar zuciya a kan wanda azabarsa ta yi sauƙi amma aka yi ta jefa shi daga wannan gida zuwa wancan. Tun kafin shi, Anna Freud da Dorothy Burlingham, da suka riƙi yara a Landan lokacin ruwan bama-bamai, sun lura cewa rabuwa da uwa ta fi ƙarar bam girgiza ƙaramin yaro. Wato abin da ya biyo bayan gudu shi yake yanke hukunci.

Abin da ya biyo bayan gudun tsohuwarki kuwa shi ne ƙofa ta buɗe tana da sauran ƙuruciya. Amurka ta yi dokar karɓar waɗanda yaƙi ya raba da muhallinsu a 1948, aka faɗaɗa ta a 1950, ta karɓi kimanin 400,000 daga ƙasashe daban-daban. Ostireliya ta ɗauki wajen 170,000, Kanada sama da 150,000. Cikin shekara huɗu ko biyar yawancin sansanonin sun watse. Yarinyar da ba ta da ƙasa, wadda sunanta yake kan katin abinci kawai, ta wayi gari tana da aji da malama, bayan 'yan shekaru tana da fasfo da ƙuri'a. Mahaifinta yana iya zagin gwamnati a teburin cin abinci ba tare da uwar ta tashi ta rufe taga ba. Ki lura da abubuwan da take yi wa hawaye: ba ta kuka don mota ko babban kanti. Taken ƙasa ne da akwatin zaɓe. A Latbiya ta Sobiyet ana yin zaɓe, amma jerin sunaye ɗaya ne a takardar, kuma ana lura da wanda bai fito ba. 'Yan'uwanta da suka rage a can sun yi shekaru wasiƙarsu ba ta isowa sai an buɗe an karanta. Ita ta san fuskar rayuwar da ta kuɓuce wa, da sunayen waɗanda suka yi ta a madadinta. Shi ya sa godiyar ba ta tsufa: ma'auninta yana nan a ajiye, kuma wani ɓangare nata nauyi ne, na cewa me ya sa ni na tsira su ba su tsira ba.

Ni ma na ga ɗaya gefen da idona. A wani sansani a yankin Tafkin Chadi akwai yaro ɗan shekara tara da ke rataye katin rabon abincin gidansu a wuya, cikin ledar ruwa da ya ɗaure da zare, kamar laya. Ko wanka zai yi sai ya ba ƙanwarsa ta riƙe, idonsa a kanta. Na dawo wurin bayan shekara shida na same shi ya zama saurayi, muryarsa ta buɗe, katin an sabunta shi amma shi ne dai takarda ɗaya tilo da ke ɗauke da sunansa. Ya tambaye ni, "Malam, in na gama makarantar nan, takardar a wace ƙasa take aiki?" Ban iya ba shi amsa ba, kuma har yau tambayar tana damuna. An ciyar da yaron nan, an yi masa rigakafi, an ba shi gidan sauro. Ba a ba shi wurin da zai ce nan ne nawa ba. Sansanin Minawao a arewacin Kamaru an buɗe shi a 2013, yaran da aka haifa a shekarar yanzu sun isa sakandare. Dadaab da Kakuma a Kenya tun farkon shekarun 1990 suke, har an haifi jikoki a ciki. Waɗanda ake ɗauka a sake tsugunar da su a wata ƙasa ba su kai ɗaya cikin ɗari ba a shekara. Duk wanda ya ɗauki labarin tsohuwarki ya ce wa waɗannan yaran ga yadda ake godiya, bai yi musu adalci ba.

Mu ma ba baƙi ba ne ga wannan. Sahabban da suka yi hijira zuwa Habasha, Ummu Salama ta ba da labarin cewa sun zauna cikin aminci a kan addininsu, ba mai cutar da su. Da wani ya taso yana neman ƙwace mulkin Najashi, baƙin ciki ya rufe su, suka yi ta yi masa addu'ar nasara, Zubairu ɗan Awwam ya hura salka ya yi iyo a kanta ya haye kogi don ya kawo musu labarin yaƙin. Da Najashi ya rasu bayan shekaru, Annabi (SAW) ya yi masa sallah daga Madina. Abin da suka riƙe masa shi ne a ƙasarsa ba a zaluntar kowa. Tsohuwarki da wannan ma'aunin take auna Kanada.

Yanzu ga maganarki. Abin da aka yi miki a bas cin mutunci ne, kuma kalmar "ki gode" a wannan lokacin tana sauka kamar an ce yi shiru. Kina da gaskiyar jin zafi. Sai dai ina kyautata zaton ba raina ciwonki ta yi ba. Mutum yana miƙa maganin da ya yi masa aiki ne, ita kuma wannan ne kaɗai take da shi. Kuma akwai abin da mai yiwuwa ba ta taɓa gaya miki ba. Kanada ba da tabarma ta tarbe su ba. An tantance su kamar ana sayen dabba: a duba haƙora da tsoka, a ɗauki hoton ƙirji, tabon tarin fuka a huhun yaro ɗaya yana iya hana iyali duka tafiya. Da yawa da kwantiragin shekara guda suka shigo, maza a dajin katako da ma'adinai da gonakin gwoza mai sukari, mata aikatau a gidajen masu hali, ciki har da waɗanda a gida malamai ne da likitoci. Haruffan nan biyu, DP, sun zama zagi a filin makaranta. Yarinya mai baƙon harshe da tsofaffin kaya ta san abin da ake ji in an kalle ta a bas. Tsararsu sun koyi haɗiye wannan, domin wanda aka ciro daga rijiya yana ganin bai kamata ya yi ƙorafin igiya ta goge masa hannu ba. Wannan haɗiyewar tana da tsada, kuma sau da yawa 'ya'yansu ne suka biya, suka tashi a gidan da ba a yarda kowa ya ce yana baƙin ciki ba.

Gaskiya ta biyu, wadda ya kamata a faɗa: ƙofar ba ga kowa ta buɗe daidai ba. 'Yan yankin Baltik an fifita su don Turawa ne farare, yawancinsu Kiristoci, kuma maƙiyan kwaminisanci a farkon yaƙin cacar baka. Dokar Amurka ta 1948 an tsara ta yadda ta rage Yahudawan da suka tsira daga kisan ƙare dangi, har Shugaba Truman ya sa hannu yana sukar ta a fili. Hanyar da kika bi kika shigo da wadda ta bi ba ɗaya ba ce, kuma ba laifi ki san haka.

Godiya kuma ba ta hana neman haƙƙi. Alf Dubs yana ɗan shekara shida aka sa shi a jirgin ƙasa daga Prague a 1939, cikin yara 669 da Nicholas Winton ya shirya fitar da su. Ya girma ya zama ɗan majalisa a Birtaniya, bai taɓa ɓoye godiyarsa ga ƙasar ba, kuma shi ne a 2016 ya tsaya kai da fata sai da aka sa a doka cewa a karɓi yaran gudun hijira marasa iyaye da ke warwatse a Turai. Gwamnati ta tsayar da adadin a 480, bai daina faɗa da ita ba. A wurina wannan ce godiyar da ta nuna. 'Yancin da tsohuwarki take yi wa hawaye shi ne ya ba ki damar kai ƙarar mutumin nan ga hukumar sufuri, kuma ina ba ki shawara ki kai.

Abin da za ki ce mata, kada ki yi gardama da godiyarta, ba za ki ci ba, kuma bai kamata ki ci ba. Ki zaɓi ranar da take cikin natsuwa, ki zauna kusa da ita, ki ce, "Kaka, lokacin da kuka zo, an taɓa yi miki irin abin da aka yi mini?" Sai ki yi shiru ki jira. In ta kauce, ki bar ta, kada ki tona. Amma na sha ganin wannan tambayar ta buɗe abin da aka rufe shekara saba'in, kuma daga ranar sai zaman ya sauya, ta daina yi miki wa'azi ta fara ba ki labari.

Ki kuma lura da kalanda. 14 ga Yuni da 25 ga Maris ranakun makoki ne a wurinsu, kada ki yi mamaki in ta ƙi abinci ko ta kasa barci. 18 ga Nuwamba ranar 'yancin kansu ce. In kika ga firgita da dare ta ƙaru, ko ta fara ɓuya in an buga ƙofa da ƙarfi, ko Turancinta yana zubewa tana komawa harshen gida, ki sanar da nas, domin in mantuwa ta fara cin sababbin shekaru, tsofaffin ne suke tasowa da ƙarfinsu. Ki roƙi masu aikin dare su riƙa ƙwanƙwasa a hankali su faɗi sunansu kafin su shiga, kada su haska mata tocila a fuska.

Burodin kuwa, kada a jefar da shi a gabanta, kada a yi mata faɗa a kansa. A al'adarsu in burodi ya faɗi ƙasa ɗauka ake a sumbace shi, kamar yadda iyayenmu ba sa tsallake ƙwayar hatsi. Ki sa a rubuta a takardar kulawarta cewa a bar mata. Kullum da safe, lokacin gyaran gado, ki musanya na jiya da sabo, ki naɗe a hankicin nata yadda ta naɗe, ki mayar inda kika same shi. In za ki samu baƙin burodin nan nasu mai ɗan tsami, a shagunan mutanen gabashin Turai da ke Toronto ana sayarwa, shi ya fi. In kin shigo ki ce mata "labrit", ina kwana ke nan da harshensu.